Likitar da ke hawan doki babu ƙafa

Duk wanda ya taɓa hawan doki ya san da ƙafa ake yi masa magana. Ka matse shi da cinya ya ƙara sauri, ka taɓa shi da diddige ya karkata, ka dogara a likkafa in ya yi tutsu. Angelika Trabert, Bajamushiyar da aka haifa a 1967, ta zo duniya ba ta da ƙafafu, hannunta na dama ma bai cika ba. Duk da haka ta halarci gasar Paralimfik ta naƙasassu har sau biyar a jere a kan doki, daga ta Atlanta a 1996 zuwa ta Landan a 2012. Kuma likita ce, mai sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata.

Wasan da ta ƙware a kai ba sukuwa ba ne, ba kuma tsallake shinge ba. Wasan sarrafa doki ne a cikin wani fili mai kusurwa huɗu, alƙalai na zaune suna ba da maki a kan kowane taku: yadda dokin ya miƙe, yadda ya zana da'ira, yadda ya sauya daga tafiya zuwa sassarfa, yadda ya tsaya cak a daidai inda aka ce. Gwani a wannan fage shi ne wanda ɗan kallo ba ya ganin lokacin da ya ba dokin umarni. To ita da me take ba da nata? Da sirdi da aka ɗinka daidai jikinta, da 'yan bulalai biyu, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ba na duka ba ne, taɓawa kawai suke yi a gurbin da ƙafa za ta taɓa. Sauran kuma nauyin jiki ne: ta ɗan jingina nan, ta ɗan sassauta can, dokin ya gane. Kafin dabba ta koyi wannan, an sha kilisa ta shekaru.

A Atlanta, dawakin aro aka ba mahayan. Mutum ya sadu da dokin da bai san shi ba, ya shiga fili da shi bayan 'yan kwanaki. A haka ta ciyo lambar azurfa. A Landan kuwa, a kan dokinta Ariva-Avanti, ta samu tagulla biyu ita kaɗai, ta kuma samu azurfa tare da tawagar Jamus. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta karrama ta a 2010.

Lambobin sun burge ni, amma aikin asibitin ya fi tsaya mini a rai. Likitan sa barci shi ne ke zaune a kan mara lafiya tun daga allurar farko har ya farfaɗo, idonsa a kan bugun zuciya da numfashi, hannunsa a kan maganin da in ya ɗara kaɗan sai a rasa rai. Ba aikin da ake ba mutum don tausayi ba ne. Akwai makarantar da ta karɓe ta ta koyar da ita, akwai malaman da suka jarraba ta kamar kowa, akwai asibitin da ya damƙa mata rayukan mutane. Akwai kuma wanda ya fara ɗora yarinya marar ƙafa a bayan doki, bai ce wa iyayenta su rufa wa kansu asiri ba. Idan ana ba da labarinta, jarumtarta kawai ake faɗa, a manta da waɗannan, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nan ne abin ya shafe mu. Mu masu dawaki ne tun kaka da kakanni, muna da bargogi da masu ɗinka sirdi da hawan sallah da ake zuwa kallo daga ƙasashen waje. Muna kuma da dubban matasan da shan-inna ta shanye wa ƙafafu, waɗanda wasunsu a Kano suka rungumi ƙwallon da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya. Ƙarfin hali bai yi musu ƙaranci ba. Abin da suke cin karo da shi matakala ce a ƙofar aji, da jami'in da ke kallon ƙafa kafin ya kalli takarda.

A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya. Ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ina roƙon shugabannin kwalejojin likitanci da asibitocin koyarwa na Arewa su fito su faɗa mana ɗalibai nawa masu keken guragu ke iya isa ɗakunan karatunsu da na tiyatarsu a yau, kuma yaushe za a gyara sauran.