Matar ɗan kasuwa da takardar mita 270

Har yanzu akwai malaman da ke faɗa wa ɗalibai cewa neman ƙuri'ar mata aikin waɗanda suka gagari aure ne. To, su dubi Kate Sheppard. An haife ta a Liverpool, iyayenta ƴan Sikotlan ne. Mahaifinta ya rasu a 1862, uwar ta kwashi ƴaƴa ta haye teku, suka sauka Christchurch ta Niyuzilan a 1869. Can ta auri ɗan kasuwa, Walter Sheppard, a 1871, ta haifi ɗa guda.

Wannan matar aure, mai riƙo da addininta, daga ƙungiyar yaƙi da giya ta fito. Ita ta jagoranci takardar koken 1893, ta sa hannu tare da mata kusan 32,000. Babban naɗin ya kai mita 270, a baro aka tura shi majalisa. Ran 19 ga Satumba dokar ta tabbata. Faransa, wadda muke koyar da tarihinta kamar ita ta ƙago ƴanci, sai 1944.

Matan da suka yi maci a Yamai ran 13 ga Mayu 1991, su ma gagararru ne?