Raddi ga Masu Cewa Takunkumi Ɗaya Ya Isa Gida da Masana'anta

Tun bayan annobar korona wata magana ta samu gindin zama a bakin wasu masu ƙananan masana'antu da dillalan kayan kariya: wai takunkumin da mutum ke ajiyewa a gida shi ne zai ceci ma'aikaci idan iska mai guba ta ɓalle a wurin aiki. Wannan magana tana iya kashe mutane.

Hujjarsu ta farko ita ce takunkumin N95 yana tace kashi 95 cikin ɗari. Haka ne, amma me yake tacewa? Ƙura da ƙananan ɓurɓushi. Kabon monoksaid, wadda ke fitowa daga hayaƙin janareto ta hallaka iyali suna barci, ratsa shi take yi kamar babu komai a fuska, kuma ba ta da wari ko launi.

Sai su ce to a sayi mai gwangwanin tace guba. Gwangwani kowanne da irin gubar da aka yi shi dominta, kuma babu wanda ke ƙara wa mutum oksijin. Iskar da ake shaƙa tana da kusan kashi 21 na oksijin. Hukumar OSHA ta Amurka tana ɗaukar duk wurin da ya gaza kashi 19.5 a matsayin mai hatsari. Mai yasar rijiya, da mai kwashe masai, da wanda ke shiga tankin mai, abin da suke buƙata shi ne iska daga silinda ko ta tiyo daga waje. Abin takaici, sau da yawa wanda ya faɗa ramin don ceton ɗan'uwansa shi ma a can yake kwana.

Hujja ta uku kuwa, wai da zarar an saya an rataye, an gama. A Janairun 2006 mutum 12 suka mutu a mahaƙar kwal ta Sago a jihar West Virginia, akasarinsu saboda kabon monoksaid, alhali suna da na'urorin numfashi masu aiki na sa'a ɗaya. Mutum ɗaya da ya tsira ya ce wasu na'urorin sun ƙi aiki. A shekarar ce majalisar Amurka ta tilasta ajiye ƙarin na'urori a hanyoyin fita. Saye kaɗai bai isa ba ke nan, dole mai wuri ya auna iskar, ya horar da ma'aikata, ya riƙa duba ranar lalacewar kayan. Ga kuma batun gemu: takunkumin da ke manne wa fuska ba ya rufuwa a kan gashi, don haka mai gemu hular da ke rufe kai har wuya ta dace da shi.

Suna da gaskiya wuri guda. Mazaunin bene zai amfana da hular tsere wa hayaƙi, mai tace kabon monoksaid na kimanin minti 15. Ta fita ce daga gobara. Ba a komawa ciki da ita ɗauko kaya, ba a kuma sauka rijiya da ita.