Masu Sayar Da Asali Ta Gidan Waya

Akwai wani ciniki da ya kamata malamai da fatake na ƙasar Birnin Gwari su san labarinsa, watau cinikin asali.

A garin Bath, cikin jihar Ohayo ta Amurka, an yi wani kamfani mai suna Halbert's. Aikinsa aika wa mutane wasiƙu ta gidan waya, yana cewa ya wallafa littafin zuriyarsu. Wanda ya biya sai a kawo masa littafi da sunan gidansu a bango. In ya buɗe, sai ya tarar da bayanin da ake ba kowa, sa'an nan jerin mutanen da suka yi tarayya da shi a suna, waɗanda aka kwaso daga littattafan lambobin tarho da makamantansu. Masana nasaba suka kai ƙara. A 1995 Hukumar Gidan Waya ta Amurka ta hana shi kiran wannan tarihin zuriya, a 1999 ya rufe.

Asirin cinikin ɗaya ne, mai da suna ɗaya ya zama jini ɗaya. In hakan bai tabbata ba ga Turawa, masu gadon sunan gida, ina ga ƙasar Hausa, inda mutum yake ɗaukar sunan ubansa ko na garinsu? Abubakar nawa ne a kasuwar Birnin Gwari waɗanda ba su haɗa ko kaka ba?

Dalilin kawo wannan labari shi ne halin da ƙasar ta shiga. Ɓarayi sun yi shekaru suna fitowa daga dazuzzukan Kamuku da Kuyambana suna watsa ƙauyuka, kamar yadda ya auku a Gwaska cikin Mayu 2018. Dattawa da yawa masu riƙe da salsala a ka sun rasu, wasu sun yi ƙaura. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kara. To, mai komawa kufai yana bukatar sanin wa ya gaji wace gona. Inda masani ya ƙaranta, nan mai sayar da ƙarya yake samun kasuwa, kuma a yau ba ya bukatar kan sarki, wayar hannu ta ishe shi.

Nasaba kuwa ba ado ba ce. A kanta rabon gado da waliccin aure suke tsayawa, shari'a kuma ta haramta wa mutum jingina kansa ga wanda ba ubansa ba. Alƙali yana tabbatar da ita da shaidu adilai, ba da takardar da aka sayo ba.

Saboda haka maganin yana hannun masu alƙalami. Malami ya zauna gaban dattijon da ya rage, ya rubuta salsalar gida da Ajami, da sunan wanda ya faɗa, da kwanan wata, da shaidu. Falke ya kai kwafi ga dangi a Funtuwa ko Kaduna, domin in ɗaya ta salwanta ɗaya ta tsira.

Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.