Kada Kaurin Littafi Ya Tsorata Ƙungiyoyin Karatu

Akwai wata al'ada da ta shiga ƙungiyoyin karatu, wadda ya kamata a dube ta da kyau. In an zo zaɓen littafi, sai ka ga ana auna kaurinsa da yatsa tun ba a buɗe shi ba, wanda ya fi siranta shi ke cin zaɓe. Hujjar da ake bayarwa ita ce mambobi ma'aikata ne, dogon littafi kuwa in ya kama mutum sai ya hana shi barci. To, a ganina wannan kamun da ake gudu shi ne amfanin karatun.

Ba abin mamaki ba ne mu ji tsoron kauri. Littattafan da muka tashi da su, wato waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, duk gajeru ne, mutum kan gama ɗaya a zama guda. Suna da daɗi ƙwarai, amma ba su saba mana da zaman wata da watanni tare da mutanen labari ɗaya ba.

Mu ɗauki littafin nan na Liyo Tolstoy, marubucin Rasha, wanda ma'anar sunansa ita ce Yaƙi da Zaman Lafiya. Babi 361 gare shi, mutanen da ke cikinsa sun haura 500, fassararsa ta Turanci kuwa ta wuce shafi 1,000. Duk wanda ya fara shi sai ya ɗimauce a makonnin farko, don kuwa Rashawa sukan kira mutum ɗaya da sunan yanka, da sunan ubansa, da kuma sunan gida, kamar dai yadda muke yi da laƙabi. Wanda ke karatu shi kaɗai a nan yake ajiye littafin. Wanda ke da abokan karatu kuwa, ko don kunyar ya zo taro hannu rabbana sai ya daure, in ya daure kuma sai ya wayi gari ya san Natasha da Andire da Piyer kamar 'yan unguwarsu. Sa'an nan ne yaƙin Borodino na 1812, da shigar Nafoliyon birnin Mosko, za su daina zama darasin tarihi, su zama abin fargaba, domin akwai wanda ka sani a filin dagar. Tolstoy ya san abin da yake faɗi, shi kansa ya yi aikin soja a Sebastofol lokacin yaƙin Kirimiya. Gajeren littafi ba shi da lokacin da zai yi wa mai karatu wannan aiki.

Kuskuren da ƙungiyoyi ke yi shi ne su ce a gama irin wannan littafi cikin wata ɗaya. Wannan ai horo ne. Masu karatun farko ma ba haka suka yi ba, a mujalla ya fara fitowa kashi-kashi a 1865, bai kammala ba sai 1869. Babi ɗaya a rana, kuma yawancinsu shafi uku ne ko huɗu, zai kai ƙungiya ƙarshensa cikin shekara, ba tare da kowa ya makara ofis ba.

Ba na cewa littafin ba shi da gajiyarwa. Wajen ƙarshe Tolstoy ya ajiye labari ya shiga doguwar lacca, yana nuna cewa ba sarakuna da janar-janar ke juya tarihi ba, tarin ayyukan talakawa ne. Mai karatu shi kaɗai yakan tsallake wannan wuri. Amma a taron mutum goma, da malami da akawu da tsohon soja, a nan ne gardama za ta yi zafi har shayi ya huce.