Kada Mu Bari Tarihin Jirgin Ƙasa a Gombe Ya Tafi da Tsofaffinmu

Akwai wata dukiya da muke asararta a hankali a garin nan, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba, wato tarihin layin dogo da jiragen da suka bi ta kansa. Yaronmu na sakandare zai iya kawo maka sunan 'yan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma ka tambaye shi shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe, sai ya yi shiru. Laifin ba nasa ba ne, mu ne ba mu ajiye masa komai ba.

Ga abin da ya kamata kowane ɗan Gombe ya sani. Dogo ya isa Kano tun 1911, amma ƙasarmu ta gabas ta yi jira har kusan shekara hamsin. A 1958 aka fara shimfiɗa layin da ake kira na Barno, daga Kuru kusa da Jos zuwa Maiduguri, tsawon kimanin mil 400. Don wannan aiki da sauran gyare-gyaren reluwe Bankin Duniya ya ba Najeriya rancen dala miliyan 28, wanda shi ne rance na farko da ƙasar ta karɓa daga bankin. Layin ya isa Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya ƙarasa Maiduguri a 1964.

Me ya sa aka kashe wannan kuɗi? Saboda auduga da gyaɗa da dabbobi. Ƙasar Gombe ta yi suna wajen noman auduga, har yau ga unguwar BCGA tana ɗauke da sunan kamfanin da ya riƙa gurzar ta a da. Kafin zuwan dogo, a mota ake jigilar kaya mai nisa kafin a kai inda jirgi yake. Da jirgi ya zo, sai kaya suka riƙa tashi daga nan kai tsaye zuwa bakin teku. Garin da aka mayar da fadar masarauta cikinsa a 1919 ya zama matattarar fatake. Ma'aikata daga kudu da arewa suka zo suka zauna, suka yi aure suka hayayyafa. Daga baya siminti na Ashaka, kusa da Bajoga, shi ma ya bi wannan layi. Duk wanda zai ba da labarin yadda Gombe ta kai ga zama babban birnin jiha a 1996, dole ya biyo ta tashar jirgi.

Wani abin da ya ƙara wa tarihin namu daraja shi ne lokacin da layin ya zo. Ya zo ne daidai sa'ad da reluwe ke sauya sheƙa daga kan jirgi mai aiki da kwal da ruwa zuwa mai shan dizal. An fara shigo da na dizal a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, amma masu kwal sun ci gaba da aiki shekaru da dama bayan haka. Cikinsu akwai wani jeri da aka ƙera a Birtaniya, wanda aka raɗa wa kowannensu sunan wani kogi. Kwal ɗinsu daga Inugu ake haƙo shi, fayaman na zuba shi da shebur cikin wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Ke nan dattawan da suka yi aikin reluwe a wancan zamani sun ga ƙarshen wani yayi da farkon wani. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 a 1963, yau ya haura 80. Kowace jana'izar irin waɗannan bayin Allah, da wani babi na tarihinmu ake binne ta.

Wasu za su ce, ana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, wa ke ta tsohon ƙarfe? Maganarsu abin dubawa ce. Amma abin da muke kira a yi ba ya cin kuɗin da za a ce an tauye wani. Kuma al'ummar da ke da hujja a rubuce ta fi ƙarfin baki wajen neman haƙƙinta. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa ta Gombe. Idan za mu matsa a cika wannan alkawari, da me za mu kafa hujja in ba da abin da layin ya taɓa yi wa tattalin arzikinmu ba? Ga kuma ɓarayin ƙarafan dogo da ke sayar wa 'yan gwangwan a sassan ƙasar nan. Yaron da bai san darajar abu ba, a kilo zai auna shi.

Wasu garuruwa sun riga mu. A Minna an ajiye ɗan kan jirgin Wushishi, na farkon zamanin Turawa. A gidan tarihi na Jos akwai kayan ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Legas an gyara tsohon gidan Jaekel ya zama gidan tarihin reluwe. Me zai hana Gombe?

Shawararmu uku ce. Na farko, duk mai tsohon ma'aikacin reluwe a gida, direba ne, gadi ne, lebura ne, ko mai sayar da abinci a tasha, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya: wane jirgi ya tuƙa, kwana nawa ake yi zuwa Fatakwal, nawa ne kuɗin tikiti, me ake lodawa. Na biyu, a binciko akwatunan iyaye. Tsohon tikiti, hoto, takardar ɗaukar aiki, hula ko fitilar hannu, kada a zubar; a ɗauki hotonsu, a adana. Ɗalibanmu na tarihi a Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere su haɗa waɗannan da takardun da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Na uku, mu roƙi gwamnatin jiha da Masarautar Gombe su nemi Hukumar Jiragen Ƙasa ta keɓe kan jirgi ɗaya da tarago ɗaya, a gyara a ajiye a tashar Gombe, 'yan makaranta su riƙa zuwa gani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya fara, ya sanar da mu a haɗa kai. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.