Darasi daga Jeneba: Ɗalibin da Lissafinsa ya Saɓa wa Littafi

A ƙarshen 1994, Didier Queloz ɗalibin digiri na uku ne a Jami'ar Jeneba ta ƙasar Suwizalan. Malaminsa, Farfesa Michel Mayor, ya tafi Hawai hutun bincike, ya bar shi da taurari 142 da suke bibiya da wata na'ura mai suna ELODIE, a cibiyar nazarin sama ta Haute-Provence da ke kudancin Faransa.

Na'urar ba ta hango duniyar da ke kewaya tauraro. Rangajin tauraron take aunawa. In babba ya riƙe hannuwan yaro yana juyi da shi, ai shi ma sai ya ɗan yi tangaɗi; haka duniya mai nauyi ke jan tauraronta, hasken da ya iso mana kuma ya tona asirin motsin.

Nan Queloz ya ga tauraron 51 Pegasi yana kai da komowa duk kwana 4 da 'yan sa'o'i. Abin ya ɗaure masa kai, domin hakan na nufin akwai wata babbar duniya da ke kewaya tauraron dab da shi. Mushtari, babbar duniyar da ke kewaya ranarmu, sai ta yi kusan shekara 12 kafin ta gama zagaye ɗaya, kuma masana sun tafi a kan cewa irinta ba ta zama dab da tauraro. Da fari na'urar ya zarga. Ya bi lissafin ya sake bi, sakamakon bai canza ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne halin malamin. Bai kore maganar ba don ta fito daga bakin yaro, bai kuma yi gaggawar kiran 'yan jarida ba. Sun haƙura har Yulin 1995, tauraron ya sake bayyana, suka auna, ya zo daidai inda lissafi ya nuna. A Oktoba suka sanar da gano duniyar a birnin Florence na Italiya, da sunayensu su biyu. Kyautar Nobel ta 2019 ma tare suka karɓa. Zuwa 2022, duniyoyin da aka tabbatar a wajen tsarin ranarmu sun haura 5,000.

Malamanmu masu duba ayyukan ɗalibai a jami'o'i, don Allah, in ɗalibi ya kawo sakamakon da ya saɓa wa littafi, a zauna da shi a sake aunawa kafin a ɗauki jan biro. In kuma aikin ya tabbata, a bar sunansa a kai.