Gigin Tsufa: Haƙƙin Maƙwabtaka Bai Faɗi Ba

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa ba a saba barin tsoho ya kwana shi kaɗai ba. To, amma zamani ya juya. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, neman abinci ya kwashe samari zuwa birane, ɓarnar 'yan bindiga kuwa ta tayar da ƙauyuka, har ta kai ana samun dattijo ko gyatuma zaune su kaɗai cikin unguwar da ba su san kowa ba.

Wanda abin ya fi tsananta wa shi ne mai gigin tsufa. Wannan ba maita ba ce, ba kuma aikin iskoki ba. Ciwo ne mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'insa mafi yawa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ke fama da shi a 2021, kuma har yau ba a sami maganin da ke warkar da shi ba.

Mai wannan ciwo da sabo yake rayuwa: hanyar masallaci, muryar maƙwabciya, inuwar da yake hutawa. Tsohuwar da gudun hijira ya ɗauko daga wani ƙauyen Tsafe ya aje a Tudun Wadan Gusau ta rasa waɗannan duka rana ɗaya. Sai ta ɗora tukunya ta manta, ko ta fita neman gidan da ta baro, yara su bi ta da ihu. Kaɗaici kuwa ƙara dagula ciwon yake yi.

Babu shakka ya kamata a kai irin waɗannan bayin Allah Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, domin akwai mantuwar da wata cuta dabam ke jawowa, wadda ke jin magani. Amma likita ba zai san tsohuwa ta kwana da yunwa ba. Maƙwabci ne zai sani.

Saboda haka wajibi ne kowane mai unguwa, tare da limaminsa, ya san tsofaffin da ke zaune su kaɗai, a raba wa gidaje ranakun leƙa su da kai musu tuwo. Kada a daina kiransu suna da ɗaurin aure don sun mance sunayen mutane. Ɗaliban unguwa su rubuta wa kowannensu sunansa da unguwarsa a takarda, a sa masa a aljihu. Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha kuma ta sa su sahun gaba.

Ma'aikacin da ke wuce ƙofar irin wannan tsoho kullum ba ko sallama, ya tuna shi ma tsufa na tafe. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.